Iya Ruwa Fid da Kai: Dabarun Tuƙi da Fito a Ruwa Mai Ƙarfi



Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka ce, me ya haɗa malamin Hausa da tuƙin jirgi? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin harshen kansa. Bahaushe ba ya cewa mutum ya mutu a ruwa, sai ya ce ruwa ya ci shi. Watau a nahawunmu ruwa ne mai aikatawa, mutum kuwa abin ci ne, kamar tuwo a gaban mai jin yunwa. Wanda ya taso da irin wannan jimla a bakinsa da wuya ya tambayi yadda abin ya faru, balle ya tambayi ko da akwai abin da za a yi a hana. To, ni wannan tambaya ta biyu ita ce ta kawo ni nan yau.

Bari mu fara da ruwan da ke ƙofar gidanmu. Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajen Funtuwa, ya biyo ta Gusau, ya wuce Bunguɗu, ya faɗa madatsar Bakolori wadda aka gama a 1978, daga nan ya ci gaba har ya haɗu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato, ya bi ta Argungu, ya ƙarasa cikin Kwara. A wannan yanki namu na sama ƙasar tana kan dutse ne, kowa ya dubi Kwatarkwashi ya san haka. Ƙasa mai dutse kuwa ba ta shan ruwa da yawa. In aka yi ruwan sama mai ƙarfi a watan Agusta, mafi yawansa kan gangaro ne cikin ƙoramu da rafuka na ƙasar Tsafe da Bunguɗu da Kekun Waje, ya taru cikin gulbi a 'yan sa'o'i kaɗan. Saboda haka ne mashigin da yaro ya tsallake da safe ruwa iya idon sawu, da la'asar sai ya gagari raƙumi. Wani lokaci ma ko ɗigo bai sauka a wurin ba, can sama aka yi ruwan. Da rani kuwa gulbin nan yashi ne, mata na tona shi suna ɗiban ruwa, yara na ƙwallo a cikinsa. Wannan shi ya sa mutanenmu suke raina shi. Mutumin Yawuri yana ganin Kwara cike kowace rana ta Allah, yana jin tsoronta, yana kuma koyon halinta tun yana ƙarami. Mu kuwa wata uku ko huɗu kawai muke da kogi a shekara, ba mu daɗe tare da shi har mu san shi ba.

Abin da rashin sanin nan ya jawo ba ɓoyayye ba ne. A ƙarshen watan Satumba na 2006 madatsar ruwan Gusau ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, mutum wajen 40 suka rasu, gidaje ɗaruruwa suka rushe. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tsage a Kwara kusa da Warra ta ƙasar Ngaski, kaɗan ne suka fita. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekarar, a Bagwai ta Jihar Kano, jirgi ya kife a madatsar Watari, mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya. A Satumba na 2024 a Gummi, nan cikin jiharmu, jirgin da ya ɗebo manoma za su gona ya kife, aka ba da rahoton salwantar mutum fiye da 40. Waɗannan su ne suka shiga rediyo. Na mutum ɗaya ko biyu a mashigin ƙauye, wanda ba ya wuce zaman makoki, Allah kaɗai ya san yawansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, kuma tun wannan shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli domin tunatar da mutane wannan al'amari.

Yanzu zan ɗauke ku zuwa wani wuri mai nisa, inda mutane suke biyan kuɗi domin a saka su cikin irin ruwan da mu muke gudu. A Amurka da Turai da wasu ƙasashen Afirka akwai wani wasa na gangara kogi mai duwatsu cikin jirgin roba da ake hura wa iska, mutum shida ko takwas kowa da filafilinsa, da jagora ɗaya a baya. Suna kiran irin wannan ruwa farin ruwa, domin in ya bugi duwatsu yakan haɗu da iska ya yi kumfa fari fat. Masu tarihin wasan sukan fara lissafi daga 1869, lokacin da John Wesley Powell, wani tsohon soja mai hannu ɗaya, ya gangara Kogin Kolorado da mutum tara cikin jirage huɗu na katako. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sami ragowar jiragen roba na soja da araha, daga nan abin ya zama sana'a. A Afirka an fara shi a Kogin Zambezi, ƙasa da babban gangaren ruwan Biktoriya, a 1981, kuma ana yin sa a Kogin Nilu wajen Jinja ta ƙasar Uganda.

Ba ina cewa a zo a kafa wannan wasa a Gulbin Sakkwato ba ne. Ruwanmu na 'yan watanni ne, cike da itatuwa da yashi, kuma halin da ƙauyukanmu suke ciki na rashin tsaro bai bar wa kowa sha'awar yawon buɗe ido ba. Abin da ya ja hankalina dabam ne. Da yake masu wannan wasa kuɗi suke karɓa, kuma in baƙo ya mutu a hannunsu kotu za ta kira su, tilas ta sa suka zauna suka rubuta halin ruwa mai ƙarfi dalla-dalla, suka raba koguna aji shida, daga na 1 wanda yaro zai iya bi har na 6 wanda gwanaye ma suke kauce masa, suka kuma tsara abin da za a koya wa mutumin da bai taɓa riƙe filafili ba cikin rabin sa'a kafin ya shiga jirgi. Mafi yawan abin da suka rubuta Sarkawanmu sun san shi tun kaka da kakanni. Bambancin shi ne na Basarke yana cikin hannunsa da idonsa, yana kuma gadar wa ɗansa kaɗai. Fasinja ba a gaya masa kome, sai dai a ce ya shiga ya zauna.

Abu na farko da suke koyarwa shi ne ruwa yana da nauyi. Ruwan da zai cika akwati mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinsa kilo 1,000 ne, watau buhun masara goma. Kuma ƙarfin turinsa ba ya tafiya daidai da saurinsa, yana fin haka. In saurin ruwa ya ninka biyu, ƙarfin da yake tura ƙafarka da shi ya ninka huɗu, in ya ninka uku ƙarfin ya ninka tara. Masu lura da ambaliya a Amurka sun yi gargaɗi cewa ruwa mai gudu wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, mai santimita 60 kuwa yana tafiya da yawancin motoci. Direbobinmu da 'yan acaɓa da ke kutsawa kan kwalbatin da ruwa ya shafe, suna cewa ai iya gwiwa ne, su ji wannan.

Na biyu, kogi ba gudu ɗaya yake yi ba. Ruwan tsakiya ya fi na gefe sauri, na sama ya fi na ƙasa, domin gaɓa da ƙasan kogi suna riƙe shi. Inda kogi ya yi kwana, ruwa mai ƙarfi yana bin bayan kwanar, can ne yake cin gaɓa, can ne zurfi yake, can kuma itatuwan da ya tumɓuke suke taruwa. Cikin kwanar kuwa yashi ne da ruwa marar ƙarfi. In dutse ya fito sama da ruwa, a bayansa akwai wani ɗan fili inda ruwan yake kwanciya, har ma ya juyo baya a hankali. Ni ina kiran wannan wuri makwancin ruwa. Shi ne zaurensa, nan matuƙi yake shiga ya huta ya dubi gaba, nan kuma wanda ya faɗa ruwa ya kamata ya nufa. In ka tsaya a gaɓa ka ga ruwa ya ratsa tsakanin duwatsu biyu ya yi santsi kamar harshe, bakinsa mai tsini yana duban inda ruwa ya nufa, to nan ce ƙofa, nan zurfi yake. In kuwa tsinin yana duban inda ruwa ya fito, dutse ne a ɓoye yake tsaga ruwan, sai a kauce. Wannan karatu ne sosai, yana da baƙaƙensa da wasulansa, kuma ƙa'idar masu wasan ita ce duk inda jagora bai ga ƙarshen wuri daga cikin jirgi ba, a tsaya a gaɓa a taka da ƙafa a duba. In an duba an ga ya fi ƙarfi, a ɗauki jirgin a ka a zagaye. Ba wanda yake jin kunyar haka a cikinsu.

Akwai wurare biyu da suka fi kowane kisa, kuma dukansu muna da su. Ɗaya shi ne itacen da ya faɗi cikin kogi da rassansa. Ruwa yana wucewa ta tsakanin rassan kamar ta rariya, mutum kuwa ba ya wucewa, sai ruwan ya danne shi a jikin itacen ya tura shi ƙasa. Mai neman tsira da ya hango itace yakan yi murna ya nufe shi, alhali kuwa tarko ne. In ba makawa sai an haɗu da shi, sai mutum ya juya ya fuskance shi, ya yi iyo da ƙarfi ya haye samansa da ƙirji, kada ya bari ƙafafunsa su shige ƙarƙashi. Ɗayan shi ne inda ruwa yake zubowa daga kan wani abu mai faɗi ya faɗo ƙasa, kamar gindin ƙaramar madatsa ko kwalbatin da ruwa ya haye. A nan ruwan sama yana juyowa baya zuwa ga bangon, yana nitsar da abin da ya kama, ya ɗago shi, ya sake mayar da shi, kamar mace tana juya tuwo. Da yake ruwan cike yake da kumfa, ba ya ɗaukar jiki yadda ruwa sosai yake ɗauka, gwanin iyo ma nitsewa yake yi. Daga sama kuwa wurin ba ya nuna alamar kome, shi ya sa samari suke zuwa wanka a irin waɗannan wurare. Bangon da mutum ya gina ya fi dutsen Allah haɗari a nan, domin shi a miƙe yake daga gaɓa zuwa gaɓa, ba shi da gefen da mutum zai sulale ya fita.

Sai zancen tuƙi. Filafili ana riƙe shi ne hannu ɗaya a kan ƙotarsa ta sama, ɗaya a tsakiya, kuma hannun sama ba ya sakin ƙotar ko kaɗan, domin ita ce take fasa bakin maƙwabci in jirgi ya yi tsalle. Ba da damtse ake ja ba, da dukan jiki ne, mutum ya sunkuya gaba ya kafa filafilin cikin ruwa sa'an nan ya jawo jikinsa. Wanda ya iya noma da galma ya riga ya san wannan. Masu tuƙi tilas su buga tare, na baya yana bin na gabansa, kuma murya ɗaya ake saurara, ta jagora. Umarninsa kalmomi ne gajeru da aka koya wa kowa tun a gaɓa: gaba, baya, tsaya, ku zauna ƙasa. Jirgin da ke tafiya daidai da saurin ruwa ba ya jin tuƙi, kara ne kawai da ruwa ya ɗauko. Sai ya fi ruwan sauri, ko ya fi shi jinkiri, sa'an nan matuƙi yake da iko da shi.

Dabarar ƙetarewa ita ce ta fi shafarmu, tun da mu fito muke yi, ba gangarawa ba. Wanda bai sani ba yakan saita hancin jirgi kai tsaye zuwa ɗaya gaɓar, sai ruwa ya bugi cikin jirgin gaba ɗaya ya tafi da shi. Gwani kuwa yakan fara haurawa sama ta gefen gaɓa inda ruwa ba shi da ƙarfi, yana dogara gwangwala, sa'an nan ya juya hancin jirgin ya fuskanci inda ruwa ya fito, ya ɗan karkata shi zuwa gaɓar da yake nufi. Yana tuƙi yana tsayayya da ruwan, ruwan kuwa da kansa yake tura gefen jirgin yana kai shi ƙetare. In ruwan ya yi ƙarfi a rage karkatar, in ya yi sanyi a ƙara. Duk wanda ya taɓa zama a mashigi ya ga tsohon mai fito yana yin haka, ya kuma ji fasinja suna gunaguni wai yana ɓata musu lokaci.

Ga kuma wata wadda ta saɓa wa abin da zuciya take gaya wa mutum. In jirgi ya juya gefe ya maƙale a jikin dutse, kowa yakan gudu daga dutsen ya koma ɓangaren da ruwa yake fitowa. Wannan ɓangaren kuwa shi ne ruwa yake dannawa ƙasa, da an ƙara masa nauyi sai bakin jirgin ya nitse, ruwa ya cika shi, ya kife ko ya naɗe a jikin dutsen. Abin da ake yi shi ne kowa ya matsa wajen dutsen, ɓangaren da ya ɗaga sama, domin ruwan ya wuce ta ƙarƙashi. Irin wannan abu ba ya zuwa wa mutum a tsakiyar tashin hankali sai in an gaya masa tun da fari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kwale-kwalenmu na katako ya fi jirgin roba saurin kifewa, saboda haka abin da zan faɗa yanzu ya fi ƙarfi a kanmu. Abu uku ne suke kifar da shi, kuma sau da yawa tare suke zuwa. Lodi ya yi yawa har tsakanin bakin jirgi da ruwa bai fi tafin hannu ba. Ruwa ya shiga ba a kwarfe ba, yana kai da kawowa a ciki, duk inda jirgi ya karkata sai ya bi ya ƙara masa nauyi. Sa'an nan wani ya tsorata ya miƙe tsaye, saura su bi shi, su koma gefe guda. Ba a bukatar iska ko igiyar ruwa, a ruwa kwance ma haka take faruwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda hedkwatarta ke Lakwaja, ta hana lodi fiye da kima, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar kariya, watau rigar nan da ke hana mutum nitsewa. Doka ce mai kyau. Amma mai fito da ke biyan kuɗin mai da na gyaran jirgi daga kuɗin kan fasinja, in jirgi ɗaya ne a mashigin ranar kasuwa, mutum ɗari suna jira, rana tana faɗuwa, wa zai bari a gaɓa? Balle a wannan zamani da mutanen ƙauye sukan kwararo bakin gulbi da dare suna gudun 'yan bindiga. A ganina duk dokar da ba ta zo da jirgi na biyu ba, rabin doka ce.

To, in an riga an faɗa ruwa fa? Nan ne koyarwar masu farin ruwa ta fi amfani, domin su sun ɗauka tun farko cewa za a faɗa. Mutum ya kwanta rigingine, ƙafafunsa a gaba suna duban inda ruwa ya nufa, yatsun ƙafa a sama, domin in za a bugi dutse ƙafa ta buga, ba kai ba. Ya riƙa shan iska a tsakanin igiyoyin ruwa, yana tuƙa kansa da hannuwa a karkace zuwa gaɓa, ba ya kokawa da ruwan. In ya hango makwancin ruwa sai ya kife ya yi iyo da iyakar ƙarfinsa ya shiga. Babbar ƙa'ida kuwa ita ce kada ya yi ƙoƙarin tsayawa da ƙafa a ruwa mai gudu, sai ya kai inda bai wuce gwiwa ba. Dalili shi ne ƙafa takan shige tsakanin duwatsu ko saiwoyi ta maƙale, ruwa ya tura jikin gaba ya kifar da fuska, mutum ya mutu a ruwan da bai kai ƙirjinsa ba. In jirgin katako ne ya kife kuma bai nitse ba, a riƙe shi, amma a kasance ta ɓangaren da ruwa yake fitowa, kada a shiga tsakaninsa da dutse. Babbar riga da zane da mayafi in sun jiƙe sukan naɗe hannu da ƙafa, ya kamata a tattare su tun kafin a shiga jirgi. Kaya kuwa a sake su. Mutane da yawa sun tafi ne riƙe da abin da bai kai kuɗin likkafaninsu ba.

Masu ƙetarewa da ƙafa su ma suna da tasu dabara. A fuskanci inda ruwa ya fito, a dogara sanda mai ƙarfi a gaba ta zama ƙafa ta uku, a riƙa matsawa gefe-gefe, abu ɗaya ake ɗagawa a lokaci guda, biyu suna ƙasa. In jama'a ne, mafi ƙarfi ya tsaya gaba ya tare ruwan, saura su jeru a bayansa suna riƙe da juna. Kada kuma a ƙetare a saman wurin da itace ya faɗi ko ruwa yake zubowa, domin in an zame can za a tafi.

Zancen ceto yana da ban tausayi, domin sau da yawa gawa biyu ake fitarwa maimakon ɗaya. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Gaskiya ne, kuma in kai ne ka miƙa masa jikinka, kai zai kama, ya hau kanka. Saboda haka shiga ruwa shi ne abu na ƙarshe. A fara da murya, a gaya masa inda zai nufa. A miƙa masa gora ko gwangwala, mai miƙawa yana kwance ko wani ya riƙe shi. A jefa masa igiya ko abin da ke yawo a kan ruwa. In igiya ce, mai jefawa ya tsaya ƙasa da shi, ya kafa ƙafa sosai, ya bar ruwan ya karkato da shi gaɓa. Kada wanda ya ɗaura igiya a ƙugunsa ko ya naɗe ta a hannu, ko mai ceto ko wanda ake ceta, domin igiyar da ta miƙe a ruwa mai ƙarfi nitsar da mutum take yi, kuma ba ta kwantuwa. In an fito da mutum ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen danna masa ciki ko a ɗaga ƙafafunsa sama wai ruwa ya fita. Iska yake bukata, ƙwaƙwalwa kuwa 'yan mintoci kaɗan take jimrewa. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska ta baki, sa'an nan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hurawa sau 2, har ya farfaɗo ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da ciwo daga baya.

Wani zai ce rigar kariya tana da tsada. Haka ne. Amma a lura da abin da rigar take yi: ɗaga mutum take yi da ƙarfin da bai wuce na kilo 10 zuwa 15 ba, domin jikin ɗan Adam a cikin ruwa saura kaɗan ya yi yawo da kansa. Jarka mai cin lita 20, in babu kome a ciki kuma an toshe bakinta sosai, tana ɗaga kusan kilo 20. Ba ta kai riga ba, tun da sai an riƙe ta, wanda ya suma kuwa ba ya riƙo, yaro ƙarami ma haka. Duk da haka jarka goma a cikin jirgi sun fi babu nesa ba kusa ba. Wannan ma ba sabon ilmi ba ne. Duk wanda ya je bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, ya ga masunta dubbai sun faɗa Matan Fada kowa a kan gorarsa. Jarka gora ce ta wannan zamani.

Tarihi ma ya ajiye mana misali a ƙasarmu. Mungo Park ya taso daga Sansanding ta ƙasar Mali ta yanzu a ƙarshen 1805, ya gangaro Kwara tafiya mai nisan gaske har Yawuri. A nan jagoransa, Amadi Fatuma, ya sauka, domin nan yarjejeniyarsu ta ƙare. Park ya ci gaba ba tare da wanda ya san ruwan ba, jirginsa ya maƙale a duwatsun Busa a farkon 1806, ga kuma mutane a gaɓa suna harbi, shi da sauran mutanensa suka faɗa ruwa, ruwa ya ci su. A 1830 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka zo Busa, suka zauna da sarakunan wurin, suka nemi jirage da matuƙa na ƙasar, suka kai har teku. Duwatsun nan yanzu suna ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968, da tsohon garin Busa gaba ɗaya. Sanin da matuƙan wurin suke da shi na kowane dutse da kowace ƙofa ya nitse tare da su, ba wanda ya zauna ya rubuta shi da harshenmu.

Wannan ya dawo da ni ga ɗalibaina na sashen Hausa. Kowace shekara kuna kawo mana kundaye a kan waƙoƙin da aka riga aka yi wa nazari sau goma. Ga Sarkin Ruwa da sarkin jirgi da tsofaffin masu fito a Gummi da Bakolori da Argungu da Yawuri, a bakinsu akwai sunan kowane irin ruwa, da kowane bugun filafili, da alamun da suke gane cikowar gulbi da su tun kafin ta iso. Ku je da rikoda ku ɗauko. Ni na ce makwancin ruwa, na ce ƙofa, na ce harshe, amma kalmar da ta fito daga bakin mai sana'a ita za ta zauna, ita kuma mai fito zai ji ya yarda in ta fito a rediyo. Za ku tarar ana haɗa bayanin da zancen iskokin ruwa da wuraren da ba a shiga. Kada ku yi dariya, ku rubuta, sa'an nan ku je ku dubi wurin. Sau da yawa inda aka ce akwai mai ja, za ku ga ruwa ne mai juyowa a gindin dutse.

Ku kuma ma'aikata, musamman na ƙananan hukumomi, akwai abin da bai kai kuɗin taron bita ɗaya ba. A kafa turaku masu fenti a kowane mashigi da kowane kwalbati da ruwa yake hayewa, ja daga inda ya kai gwiwa, domin mai babur ya ga zurfin da idonsa. A ja layi da fenti a jikin kowane jirgin fito, in layin ya nitse wani ya sauka, fasinja da kansu za su riƙa dubawa su yi magana. A ajiye igiya mai tsawon mita 20 da gora doguwa da jarkoki a hannun mai unguwar da ke bakin mashigi. A haɗa masu unguwannin sama da na ƙasa da lambar waya, in an yi ruwa mai ƙarfi a ƙasar Tsafe ko wajen Funtuwa, mutanen Gusau da Bunguɗu su ji kafin ruwan ya iso. Duk wannan aikin watan Afrilu da Mayu ne, lokacin da gulbi yake yashi, ana iya haƙa ramin turke a tsakiyarsa.

Shugaba, na ga lokacin da aka ba ni ya cika.